Gaiwa a Ƙarƙashin Rufewar Baba

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Boɗinga da Shagari, yana zaune bisa tudun yashi, ƙafafunsa cikin fadama. In ka fita ta yamma ka ɗan taɓa tafiya, sai ka ga ƙasa ta sake launi, daga ja ta koma baƙa ƙirin. To nan fadama ta fara. Inda ta ƙare kuwa, lokacin da nake yarinya, zamanin Nasara, ban taɓa jin wanda ya ce ya sani ba.

Da damina ruwa ne iya ganinka, ciyawar burgu da bado da kainuwa sun lulluɓe shi, masunta na yawo bisa gora kamar agwagi. Gauraki na kuka da asuba, ɗinya na sauka garke-garke, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar wanda aka ce ya jira bai san wa zai jira ba. In ruwa ya fara ja, sai a yanke shinkafa. Bayan masu shinkafa sai Fulani su gangaro da shanu, bayan Fulani sai mata masu ginin tukwane su zo ɗibar yumɓu. Kowa da lokacinsa, ba mai taka ƙafar wani. Ba zan yi muku ƙarya in ce daɗi kaɗai ke ciki ba. Akwai sauro mai huda zane, akwai kurkunu da ke kwantar da ƙato wata biyu. Amma dai ita ke ciyar da mu.

A tsakiyar gonar gidanmu ta fadama akwai wani ɗan kwari da ake kira Cibiya. Shi ne wurin da ruwa ke fara shiga, shi ne kuma wurin da yake bari a ƙarshe. Sai bazara ta yi nisa sannan ya bushe, ƙasarsa ta tsattsage. Tun kakanni ba a noma Cibiya, ba a ɗibar yumɓu a cikinta, ba a kuma haƙar gaiwa. Gaiwa, ga wanda bai san ta ba, kifi ce doguwa mai santsi, wadda in ruwa ya ƙafe ba ta mutuwa. Nutsewa take yi cikin laka ta naɗe, laka ta bushe a kanta, ta yi ta barci har wata damina. Maza kan haƙo ta da rani a ko'ina cikin fadama a yi miya. Ban da Cibiya.

Kakata ta wajen uba, Kaka Jumma, 'yar masunta ce, a bakin ruwa aka yanke mata cibi. Sana'arta turara shinkafa. Kullum bayan isha'i tukunyarta na bisa murhu a ƙofar ɗakinta, tururi na tashi da wannan ƙamshi da har yau in na ji shi sai in waiga. Mu yaran gida mukan kewaye wutar, muna tura mata kara, ita kuma tana biyan mu da baki. Wata rana tatsuniya, wata rana labarin da. Ita ta gaya mana ta ga dorina da idonta tana kiwo cikin shinkafar ubanta. Ita ta gaya mana ranar da aka ce Nasara sun shigo Sakkwato, garinsu duka cikin burgu suka kwana uku, ruwa iya ƙugu, suna cin bado ɗanye, ba wanda ya gan su sai tsuntsaye.

Abu ɗaya ne bakin Kaka ba ya yi: magana da Babana. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu, a wancan zamani, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ko kallon fuskarsa sosai. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”, ko “masu gida”. In tana da saƙo sai ta faɗa wa Innata, ko ta faɗa wa turmi da ƙarfi in yana kusa. Shekara arba'in suna gida ɗaya, a haka suke.

To, a shekarar da nake ba ku labari, ina da kamar tara, Baturen gona ya zo bisa doki da wani malamin gona mai jar dara. Suka ce akwai motar noma da za ta zo ta kafce fadama, abin da gayya ke yi a wata guda ta yi shi a wuni. Duk mai so, a kafa masa fararen turaku a iyakar gonarsa, in mota ta zo ta bi turaku. Baba ya ce yana so. Kuma ban ga laifinsa ba, don duk wanda ya taɓa sa hauya cikin baƙar ƙasar nan mai saiwar burgu ya san abin da take yi wa bayan mutum. Aka kafa turakun, suka kewaye gonarmu duka. Cibiya tana ciki.

Kaka ta ji. Kwana biyu tukunyarta kaɗai ke magana.

A dare na uku Baba yana zaune bayan zana, kusa da mu, yana tufkar igiya. Muna jin motsinsa. Sai Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

“Ga ta nan, ta hito ruwa tana ɗiga.”

Muka ce, “Ta zo ta sha wuta.”

Ta ce can da, Ruwa a fadama yake zaune shekara duka, ba ya zuwa ko'ina. Wata rana sai ya tara mutanen gidansa ya ce zai tafi ganin dangi. Kowa ya shiga neman mafita. Ɗinya ta ce ita tana da fiffike. Tarwaɗa ta ce za ta bi raɓa da jan ciki har gulbi. Kada ya ce yana da kogo, kar wanda ya damu da shi. Karfasa ta ce ita ƙafar Ruwa ƙafarta.

Sai Ruwa ya ce, “To wa za ya tsare min gida? Kun san ni ba ni da ido. In na komo sallama nika yi. Inda anka amsa, nan nika shiga.”

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Gaiwa, wadda ba a ko gayyata ba don muninta, ta ce daga can baya, “Ni dai ba ni da inda za ni.” Ta nutse cikin laka, ta rufe fuska da wutsiya, ta bar 'yar kafa kamar ta allura don numfashi. Kowace shekara Ruwa ya zo ya tsaya ya ce, “Salamu alaikum, masu gida,” ita kuma daga ƙarƙashin ƙasa ta ce, “Ƙurrr.”

Yadda Kaka ke yin wannan ƙurrr daga can cikin maƙogwaro, sai da muka sa ta maimaita sau uku.

Ana nan sai ga wani mutum, Ɗan Hanzari, yana son gina rufewa, wato rumbun ƙasa, amma yana ƙyashin jiƙa ƙasa da cuɗa ta. Ya gangara fadama ya ga gindin tabki ya tsattsage gunduwa-gunduwa. Ya ce, ashe Allah Ya riga Ya yi min tubali. Ya kwaso, ya gina rufewa cikin kwana uku, ya cika ta da gero. Gaiwa na cikin bango tana barci, bai sani ba.

Damina ta zo. Ruwa ya tsaya bakin tabki ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. A ta uku sai ya ji ƙurrr, can sama bisa tudu.

“Sai Ruwa yac ce, ‘Ikon Allah! Ashe sun tashi gida ba su hwaɗa min ba.’ Yan naɗe riga, yah hau tudu. Yas shiga ta zaure kamar kowane baƙo. Rihewa taz zauna ƙasa kamar tsohuwa ta gaji. Gero har cikin rariya shina tsira. Hwadama ko, shekaran nan ko kwaɗo bai yi kuka ba.”

Kulu, 'yar baffana, wadda ta girme ni da shekara biyu kuma ta fi ni baki, ta ce, “Kai, Ruwan ga mugu na!”

Kaka ta ce, “Ke dai 'yar nema. Wace mugunta? Bai yi hushi da kowa ba. Gidansa yaz zo.” Ta tura kara cikin wuta. “Ta koma ruwa. Mai son ta shi bi ta da gora.”

Bayan zana motsin igiya ya tsaya. Baba ya yi gyaran murya, ya tashi, muka ji takunsa ya nufi zaure. Da gari ya waye turakun suna nan inda suke.

Ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Na tambayi Kaka, in motar ta zo, gaiwar Cibiya fa? Ta ce, “Tambayi masu turaku.” Wa zai iya? Sai na zauna na yi shawara da kaina, irin shawarar 'yar shekara tara. Na ce zan haƙo ta in ajiye, mota ta zo ta yi abin da za ta yi ta wuce, in maida ta wurinta kafin ruwan farko. Ba wanda zai sani, har shi Ruwan. A tunanina gaiwa ɗaya ce tak a Cibiya, wadda ta yi alkawari.

Lokacin ana aike na fadama tsintar busasshen kashin shanu don wutar Kaka. Na sace 'yar hauyar Inna na sa cikin ƙwarya. Na sha ganin yadda maza ke neman gaiwa: ɗan tudu ake dubawa, kamar an danna ƙasa da babban yatsa daga ciki, da 'yar kafa a tsakiya. Na samu ɗaya. Safiya uku ina haƙa, ina kewaye ta nesa-nesa kar in fasa mata ɗaki, tafin hannuna duk ya yi kanta. A ta uku curin ƙasar ya ɓalle, girmansa kamar ƙaramin tulu. Gefe guda ya ɗan ɓare, na ga wata fata ja-ja a ciki kamar ɓawon albasa. Na taɓa da yatsa.

Ta ce ƙurrr.

Wallahi saura kaɗan in bar hauya da ƙwarya da zanena a wurin. Ashe Kaka ba ƙari ta yi ba, haka gaiwa ke yi sak. Na tsaya, na ce mata, “Yi haƙuri, Gwaggo, kwana kaɗan na.” Na sa ta cikin ƙwarya, na rufe da kashin shanu, na ɗauko.

Da na iso gida sai na nemi wuri mai sanyi da duhu inda ba mai leƙawa. A gidanmu wuri ɗaya ne haka. Rufewar Baba tana zaune bisa duwatsu, ƙarƙashinta akwai sarari inda kaji ke fakewa da rana. Can na tura ƙwaryar. Kun ji hankali. Ban ga abin da na yi ba sai da na kwanta, sannan labarin Ɗan Hanzari ya faɗo min kamar an sako guga. Na ce ba komai, ai mota ta kusa.

Mota ba ta zo ba. Aka ce tana wajen Kajiji. Aka ce ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga Ikko. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Zafi ya yi zafi, dare ba iska. Rannan na ɗaga kai na ga shamuwa bisa tsamiyar ƙofar gida, kowa na murna baƙuwar damina ta iso, ni kuwa ina tunanin gaiwata. In maida ta, mota ta niƙe ta. In bar ta, Ruwa ya hau tudu. Na daina cin tuwo sosai. Kaka ta dube ni ta ce, “Luba, ko wani malami ya ɗora miki azumi ba mu sani ba?” Na ce zafi ne.

Wata ranar kasuwar Lambara, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso mai sanyi, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Mata na kwashe shanya, yara na tsalle tsirara. Ni kuwa na ruga na kwanta rub da ciki na shige ƙarƙashin rufewa, kaji na watsewa ta kaina. Na jawo ƙwaryar na fito da baya-baya, ina kuka, sai na yi karo da ƙafafun Baba. Dawowarsa ke nan daga masallaci.

Ya ce, “Mi na na wanga?”

“Gaiwa ta, Baba.”

“Gaiwa? Ta ina?”

“Ta Cibiya.”

Inna ta saki taɓarya ta ɗauki salati. Na ce, cikin shessheƙa, na ɓoye ta ne kar mota ta kashe ta, ga shi yanzu Ruwa zai yi sallama ta amsa, ya hau ya cinye mana gero. Kulu ta faɗi ƙasa tana dariya, tana cewa, “Ɗan Hanzari ya yi ƙanwa!”

Baba ya duƙa ya dubi curin. Na ga gefen bakinsa na motsi. Ya ce, “To ai sauƙi ya samu. A ba innarki ta sa miya, mu ga wa za ya amsa.”

Na ƙwala ihun da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Sai ga Kaka a ƙofar ɗakinta. Ba ta dubi Baba ba. Wata kaza ta samu, mai tsaye kusa da turmi, ta ce mata, “Ke kaza, kin ga ikon Allah. Dut hilin gidan ga ba a ga maɓoya ba sai gindin rihewa.” Ta ƙara da cewa, “In kin ga masu gida, ki ce musu abin da anka ɗauko a maida shi kahin a yi sallama. Yarinya ta yi nata.”

Ɗigon farko ya faɗo bisa ƙwaryar. Baba ya daɗe yana kallona, ya dubi hannuwana da suka yi kanta. Sai ya shiga ya ɗauko hauyarsa ya ce, “Ɗauki abinki. Wuce mu tahi.”

Muka gangara, iska na tura mu ta baya. Na nuna masa ramina. Ya ce ramin ya yi kaɗan, rana za ta dafa ta in ruwan nan bai ɗore ba. Ya sara sau biyar ko shida, sannan ya zura hannu don ya kwashe ƙasa. Hannun ya shige har gwiwa. Da ya zaro shi sai ga baƙar laka, ɗanya sharaf, mai sanyi, bayan wata bakwai ba ɗigon ruwa. A ciki har da wani ɗan kwaɗo, ya buɗe ido ɗaya ya dube mu ya rufe.

Baba ya tsuguna yana murza lakar a yatsunsa. Ya shinshina. Sai ya fara duban ƙasa kewaye da shi, ni ma na duba. 'Yan tuddan nan masu kafa, ga su nan ko'ina, a gabanmu, a bayanmu, har ƙarƙashin ƙafarsa. Ashe gari guda ne a kwance.

A hankali ya ce, ba da ni yake ba, “Ni cewa nike wurin ga ya mutu. Ashe kwana shikai.”

Ya sa curin a ramin, ya rufe, ya soka tsinke ya bar mata kafa. Ruwa ya kece. Na ɗauka gida za mu ruga, sai na ga ya nufi turakun da ke bayan Cibiya. Ya girgiza na farko ya tuge, ya miƙo min. Ya tuge na biyu. Haka muka yi ta yi, shi yana tugewa yana sake kafawa, ni ina biye da rungumen turaku, farar ƙasar da aka shafa musu na zuba a jikina, har Cibiya ta koma waje da iyaka. Mun iso gida ana kiran magariba, jiƙe kamar tarwaɗa.

Ranar ba a yi tatsuniya ba, itace ya jiƙe. Kaka dai ta zuba shinkafa a ƙaramin akushinta, ta kwarara man shanun da take ɓoyo don baƙi, ta ce min, “Kai ma wancan.” Da na dawo ta ja kunnena, ba da zafi ba, ta ce, “Na jehwa ma babba, ƙarama ta cahe.”

Bayan kwana kaɗan malamin gona ya zo ya ga turaku sun yi ciki. Ya ce wa Baba mota ba ta son kewaye-kewaye, miƙe take tafiya. Baba ya ce, “Allah shi gafarta malam, in ba ta iya kewayawa ta bar min gonar. Hauyata ta iya.” Da motar ta zo, da hayaƙinta da rurinta, ta kewaya. Kuma gaskiya ta yi aiki, shekarar mun ga shinkafa. Ta zo shekara uku ko huɗu, daga nan ba mu sake ganin ta ba. Inda ta bi kuwa, an daɗe ba a haƙo gaiwa ba.

Ko Baba ya yarda da tatsuniyar, bai taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na daɗe ina ɗauka abin da Kaka ke nufi shi ne kar ka ɗauki abin da ba naka ba. Sai da na girma, na binne Kaka, na binne Baba, sannan na ga ba nan ta dosa ba. Abin da ya kwanta ya yi shiru, mai sauri gani yake ba kowa a ciki. Wuri ne, mutum ne, duk ɗaya. Sai ka tsuguna ka zura hannu.

Yau fadamarmu albasa ce daga nan har inda ido ya tsaya, injin ban ruwa na ta kuka. Gauraki sun daina zuwa. Cibiya ta ragu, ba ta fi tsakar gida ba, jikokinmu na kewaye ta suna gunaguni, wai fangali nawa ke kwance a banza. Suna yi suna kewayawa dai.

Bara, da hadarin farko ya haɗu, na sa ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni a babur ya kai ni bakinta. Na tsaya da sandata, na ce ya kashe injin. Na kasa kunne iyakar iyawata. Kunnen ya tsufa, ban ji an amsa ba.

Amma ruwan ya shiga.